Isah Shida, Kati Ɗaya

Shekara ashirin da biyu ke nan bango ɗaya ya raba ni da Malam Nata'ala a gidan hayarmu na Agege, kuma bangon ba wani na kirki ba ne. In ya yi atishawa a ɗakinsa, daga nawa nake yi masa yarhamukallahu. Don haka in na ce na san mutumin nan, kada wani ya ja da ni. Ni Isiyaku ne, ganda nake babbakawa a abatuwa, wato mayanka. Shi Bazazzagi ne, ni Bakano, kun ga kuwa tsokanarsa gado ce a wurina. Ranar da na bari, kakannina ba za su yafe mini ba.

A bayan tirelar shanu ya shigo Ikko, yana saurayi, wai ya zo yin fawa. Ranar farko aka kayar da wani bajimi a gabansa, aka sa wuƙa. Sai Bazazzagi ya nemi wuri ya zauna, ya ce a taimake shi da ruwa. Har gobe yana musu, wai rana ce ta buge shi. Da ƙarfe shida na safe. Manyan mahauta na lokacin suka duba suka ga yaron ba na wuƙa ba ne, amma rubutunsa kamar an buga da inji. Suka miƙa masa biro da rajista, suka ce to zauna nan, duk wanda ya shigo ƙungiyar mahauta ka rubuta shi. Zaman da ya yi ke nan, yau shekara talatin da ɗoriya.

Yadda yake aikinsa ba ya canzawa. Sunanka, sunan mahaifinka, garinku, shekarunka. A kan shekarun ne ake shan daru, don mutanenmu ba su cika sani ba.

"Shekararka nawa?"

"To, zan yi arba'in."

"Wace rana aka haife ka?"

"Wallahi Malam ina ƙarami lokacin."

Sai ya ɗebe arba'in daga shekarar da ake ciki, ya rubuta ɗaya ga Janairu. Duk wanda bai san ranarsa ba, Malam Nata'ala ya haife shi ran ɗaya ga Janairu. Na sha gaya masa ungozomomin Arewa sun ga ta kansu ran nan, ko ruwa ba su sha ba.

Amma fa a bar wasa, mutumin nan bai taɓa ɓatar da suna ba. Abin da yake tinƙaho da shi ke nan, duk da ba ya faɗa. Wani zai taso daga Shinkafi ko Maraɗi yana neman ɗan'uwansa da ya shekara biyar bai waiwayi gida ba, ba shi da komai sai suna. A nuna masa ofishin ƙungiya. Malam zai sa a kawo masa shayi tukuna, sannan ya buɗe rajista, ya bi da yatsa, ya ce ga shi nan, je ka layin masu kayan ciki ka tambayi wane. Wani lokaci labarin ba mai daɗi ba ne, mutumin ya riga mu gidan gaskiya. Shi ma ɗin yana rubuce, da rana da wanda ya yi masa salla.

Damina ce ta jawo mana kwamfuta. Rufin ofis ya yi yoyo, rajista biyu suka kumbura kamar burodi. Ƙungiya ta sayo kwamfuta 'yar gwanjo, 'yarsa ta uku, Bilkis, ta zo ta kafa. Ita haifaffiyar nan ce, tana aure a Ogba, kuma aikinta ke nan a wani kamfani, kula da abin da suke kira rumbun bayanai. Hausarta in ta ɗauko, sai ka tsinci Yarbanci da Turanci a ciki kamar tsakuwa a shinkafa. Wata biyu suka yi suna kwashe sunaye daga takarda zuwa rumbun, da hoton kowa, da lambar shigarsa ƙungiya, da takardar gwajin lafiyarsa.

Ina wurin ranar da ta fara koya masa. Ta ce rumbun nan ba ya jin magana sai umarni cikin yarensa, dogon rubutu ne, in ka kuskure harafi ɗaya ka yi ɓarna.

"Amma ba sai kun rubuta da kanku ba, Baba. Akwai mai taimako a ciki. Zai riƙa yi muku tambaya ɗaya bayan ɗaya, kuna amsawa kuna danna gaba, shi zai haɗa umarnin. Wizad ake ce masa."

"Me ke nan da Hausa?"

Ta ɗan yi tunani. "Kamar boka. Ko matsafi, abi?"

Malam ya ja kujerarsa baya. Ya ce a'uzu billahi, shi da tsufansa ba zai fara bin boka ba. Kwana uku bai taɓa abin ba. Ni kuwa na samu na yi. Kullum da safe in zai fita sai in leƙo in ce, "Bazazzagi, in ka je wurin bokan ka tambayo mini wa ya ɗauke mini bokiti." Matarsa Rahmatu tana dariya a bakin murhu, shi ko kallona ba ya yi. Sai da Bilkis ta dawo ta ce ita ce ta yi kuskuren fassara, ba boka ba ne, ɗan jagora ne. Da wannan sunan ya yarda. Kuma da ya saba, har so ya riƙa yi masa. Ya ce mini ɗan jagoran nan ya fi Kanawa ladabi, ba ya yin komai sai ya tambaye ka ko ka tabbata.

Abu ɗaya ta kafa masa doka a kai. Kafin ya taɓa rumbu da wani babban aiki, in ɗan jagora ya tambaya ko a ajiye kwafin bayanan tukuna, ya ce e. Kullum, ko yana sauri. Ta rubuta masa a takarda ta manna a jikin bango.

Ana nan sai masu kula da abatuwa suka fito da sabuwar doka. Daga Litinin, ba mai shiga ƙofa sai da katin shaida mai hoto. Ba kati, ba aiki. Aka ba wani Abdulganiyu na Mushin aikin buga katunan. Shi kuma ya ce a kawo masa jeri mai tsabta, injinsa ba ya karɓar suna ɗaya sau biyu da ranar haihuwa ɗaya.

Ranar Alhamis da hantsi Malam ya zauna ya kira ɗan jagora. Ɗan jagora ya ce wane jeri za a tsabtace? Ya zaɓa. Da me za a gane maimaici? Ya zaɓi suna, sunan uba, da ranar haihuwa. A ajiye kwafi tukuna? Ya dubi takardar bango, ya ce e. Sai abin ya ce ya sami wasu sunaye da suka maimaitu, zai haɗe kowane ya bar ɗaya, ka tabbata? Malam ya san lokacin kwashewa sun shigar da wasu sau biyu, shi da 'yarsa. Ya danna. Ya tura wa Abdulganiyu, ya tafi sallar azahar ransa fari.

Asabar bayan la'asar katuna suka iso cikin kwali. Mahauta suka cika harabar ofis, Malam na tsaye yana kira, mutum na zuwa yana karɓa yana duba hotonsa yana cewa ai wannan ba ni ba ne, na fi haka kyau. Can sai ya ɗauko wani.

"Isah Abdullahi."

Mutum shida suka miƙe.

Aka fashe da dariya. Ni ma na yi, ban ɓoye ba. Malam ya laluba kwalin, ya sake lalubawa, ya zazzage shi a tebur. Kati ɗaya ne. Hoton Isah Dogo ne a jiki, ya karɓi abinsa ya koma gefe yana sosa ƙeya kamar shi ya yi laifin. Sauran biyar suna tsaye. Duk Isah, duk 'ya'yan Abdullahi, duk sun taɓa ce wa Malam za su yi arba'in a shekara ɗaya, duk ya haife su ran ɗaya ga Janairu. Ɗan jagora ya ga mutum ɗaya ne aka rubuta sau shida.

Wani ya ce ai sai a sake rubuta su. Ciyaman ɗin ƙungiya ya girgiza kai. Ya ce in aka sake rubuta su sun zama sababbi, lambarsu ta da ta tafi, kuma takardun gwajin lafiya an riga an miƙa wa hukuma na asali, hotonsu ne kawai a rumbu. Sabon gwaji kuwa sai an bi layi, mako biyu ko uku. Mako uku mutum biyar ba sa shiga abatuwa, kuma duk masu ci daga hannu zuwa baka ne.

Isah Mai Ƙafa, wanda ke sayar da ƙafar saniya, ya matso. Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malam, shekara goma sha tara kana gaishe ni da sunana. Yau ka ce babu ni?"

Dariyar ta tsaya a nan.

Da magariba Malam ya dawo gida. Rahmatu ta kai masa tuwo ta dawo da shi yadda yake. Na zauna a bencin ƙofarsa na ɗauko tsokana, na ce Bazazzagi ya yanka mutum biyar ba tare da ya ga jini ba. Da ma ban faɗa ba. Ya dube ni, idonsa ya yi ja, ya ce, "Isiyaku, ba laifin abin nan ba ne. Ya tambaye ni. Ni na ce na tabbata."

"To kira Bilkis mana."

"In ce mata me? Ubanta ya kasa aikin da yake yi tun ba a haife ta ba?"

Na bar shi na zaga bayan gida na kira ta da wayata. Na ce mata ubanki ya ƙi cin tuwo. Ta ce, "Kawu, tambaya ɗaya. Ya ajiye kwafi?" Na ce ni ban san wani kwafi ba, na dai san akwai takarda a bango. Ta ce tana nan zuwa da safe.

Lahadi da sassafe ta sauko daga motar haya ta danfo da goyonta. Muka tafi ofis mu uku. Malam ya ja mata kujerar gaban kwamfuta, ya koma gefe ya tsaya kamar mai jiran hukunci. Ta ƙi zama.

"Ku zauna, Baba."

"Ke dai yi, ke kika iya."

"Ejo, don Allah ku zauna. Hannuna na riƙe da yaro."

Yaron nan a bayanta yake, hannunta biyu babu komai. Ya gani, ni ma na gani. Ya zauna.

Ta ce ya kira ɗan jagora, amma na maido da ajiya. Ya kira. Tambayar farko, wane kwafi? Jeri ya fito, kowane da ranarsa. Ya sa tabarau ya bi da yatsa a jikin gilashin, yadda yake bin rajista. Alhamis, ƙarfe goma sha ɗaya da minti bakwai. Yana nan.

Tambaya ta biyu, a ina za a sauke? A kan rumbun da ake aiki da shi, ko a gefe? Hannunsa ya nufi na farko. Bilkis ta dai gyara goyonta. Sai ya tsaya da kansa.

"Ranar Juma'a na shigar da sababbi goma sha ɗaya. In na sauke na Alhamis a kai, su kuma fa?"

"Sun tafi."

"To a gefe."

"Oya, gaba."

Daga nan abin ya tambayi su wa za a ɗauko daga kwafin a mayar cikin rumbu. Ya nemo Isah Abdullahi. Suka fito su shida a jere, kowa da hotonsa da lambarsa. Ya zaɓi biyar. Ta sa ya duba sauran da aka haɗe ranar Alhamis ma, ɗaya bayan ɗaya, hoto da hoto. Waɗancan maimaicin gaske ne. A shafin ƙarshe ɗan jagora ya nuna umarnin da ya haɗa, layi huɗu na yaren nan nasu. Malam ya ce shi fa yau ba zai danna ba sai an karanta masa. Ta sunkuya ta bi masa kalma kalma, wannan na cewa ɗauko daga nan, wannan na cewa zuba a can, wannan na cewa waɗannan lambobi biyar kaɗai. Ya ce ta maimaita. Ta maimaita. A ƙasa ga tambayar nan dai, ka tabbata?

Ya daɗe yana kallon tambayar. Ni har na gaji na ce, "Bazazzagi, ko daurin aure ne ai an shafa fatiha." Ya yi bisimilla ya danna. Wani koren layi ya tafi daga hagu zuwa dama. Shi ke nan. Na zata za a ji ƙara.

Sai dai magana ba ta ƙare ba, don injin Abdulganiyu har yanzu ba zai karɓi Isah shida masu rana ɗaya ba. Bilkis ta ce ko a canza musu ranakun. Malam ya ce ƙaryar farko ta isa, ba zai ƙara ta biyu ba. Ya ce ai a abatuwa ba wanda ke rikita su, kowa da laƙabinsa, rumbun ne kawai ba a gaya masa ba. Ta kira Abdulganiyu suka yi ta Yarbanci, ya ce in da laƙabi a haɗe da sunan, injinsa zai karɓa, kuma yana shago har la'asar. Wani ɗan jagoran kuma aka kira, na ƙara gurbi. Me za a kira gurbin? Malam ya rubuta laƙabi da yatsa ɗaya. Rubutu za a sa ko lamba? Rubutu. Wannan karon bai jira ta ba.

Aka aika aka kira Isah ɗin duka. Suka shigo suka jeru a benci. Malam na kira, mutum na faɗin nasa. Dogo. Mai Ƙafa. Ɗan Maraɗi. Ba Musu, wanda duk unguwa ba wanda ya kai shi musu. Ijebu, don ya taɓa zama can. Sai na shida, wani siriri mai dakon nama, ba ya yawan magana.

Ya ce, "Kwantai."

Ni na raɗa masa sunan nan. Shekara goma sha biyu da suka wuce ya gwada sayar da nama da kansa, kwana uku a jere kayansa na kwana, ya karye ya koma dako. Na faɗa sau ɗaya a wurin mai shayi aka yi dariya, sunan ya bi shi. Da ya ƙi aure kuma sai mutane suka ƙara masa wata ma'anar. Ban taɓa tsayawa na yi tunani a kai ba sai ranar, da na ga Malam ya rubuta harafi biyu ya tsaya, ya goge.

"Wannan katin a wuya za ka rataya shi kullum."

"Ba komai, Malam. Haka kowa ya san ni."

"Ban tambaye ka yadda kowa ya san ka ba. A gida wa ake ce maka?"

Ya murza hularsa. Sannan ya ce shi ne na fari, innarsa ba ta faɗin sunansa. Nomau take ce masa, don ana tsakar noma ta haife shi, daga gona aka kawo ta gida. Ya ce shekara tara da rasuwarta, tun daga nan bai ƙara ji ba.

Ba Musu ya buɗe baki zai yi magana, Mai Ƙafa ya taka masa ƙafa. Malam ya rubuta, a hankali, ya juyo da fuskar kwamfutar ya nuna masa. Mutumin bai iya karatu ba, amma ya duba sosai, ya gyaɗa kai.

Bilkis ta ce za a iya tura wa Abdulganiyu ta waya. Malam ya ce a tura, amma shi ma zai bi. Ya hau danfo zuwa Mushin da rana tsaka, ya zauna a shagon mutumin nan har aka buga biyar ɗin a gabansa. Rahmatu ta ce da ya dawo malmala uku ya ci, har ya tambaya ko da saura.

Litinin tun kafin gari ya gama wayewa Malam yana bakin ƙofar abatuwa, sanye da farar rigarsa ta Juma'a, cikin taɓo da kashin shanu. Layi ya yi tsawo, masu gadi na duba wuyan kowa. Ya tsaya gefe ya raba wa huɗu nasu, suka wuce. Na biyar ya iso a makare, da kwanon dakonsa a ka. Malam ya rataya masa da hannunsa. Mai gadin wani Bayarabe ne, ya kama katin ya karanta da ƙarfi yadda aka umarce shi.

"Isah Abdullahi Nomau?"

Sai da ya sake kira, sannan mutumin ya ce, "Na'am." Ya shiga.

Ina bayansa a layi. Da muka wuce ƙofa na ga igiyar takalminsa ta tsinke tana jan ƙasa, na buɗe baki zan kira shi, tsohon sunan ya zo mini har bakin leɓe. Na haɗiye shi. Na ce, "Nomau, duba takalminka." Ya waiwayo ya dube ni, ya sauke kwanon, ya durƙusa yana gyarawa.

Malam Nata'ala kuwa bai shigo ba. Daga ƙofa ya juya ya nufi ofis, yana ɗage rigarsa daga taɓo. Wai yana da sauran mutum dubu da ɗari uku da zai tambaya yadda ake kiransu a gida.